Ɓargon Yaya

Shekara goma sha tara ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, kuma har yau in aka tambayi 'yan gidanmu me nake yi sai su ce, "Yana wajen jini." Ban taɓa gyara musu ba. Da sun san rabin aikin zama ne gaban maganaɗisu ana jiran minti biyar ya cika, da mutuncin da farar riga ta samo mini ya zube.

Ga yadda abin yake. A kawo maka jini ko ɓargo cikin 'yar kwalbar roba mai tsawon yatsa. A ciki akwai ƙwayoyi miliyoyi iri-iri, likita kuwa iri ɗaya tak yake son gani. Sai ka ɗiga wani ruwa mai launin shayi, wanda garin ƙarfe ne a cikinsa, an haɗa shi yadda ba ya kama kowa sai irin ƙwayar da aka aike shi gare ta. Ka zura kwalbar cikin ramin maganaɗisu ka jira. Duk ƙwayar da ƙarfe ya kama sai ta manne a jikin kwalbar. Daga nan ka ɗaga maganaɗisun da kwalbar tare, ka kifa, ruwan ya fita. An raba ke nan.

Sai dai aikin iri biyu ne. A na marasa lafiya, abin da ya manne shi ake so, don haka ruwan za ka zubar ka riƙe kwalbar. A ɗayan kuwa tarkace ƙarfen yake kamawa, sai ka tare ruwan a sabuwar kwalba, tsohuwar ka jefa ta bokitin bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyi, da ke ƙarƙashin tebur. Wata huɗu kafin abin da zan ba da labari, wani Farfesa a bene na sama ya fara bincike, yana son ƙwayoyin da ƙarfe bai taɓa ba. Oga ya ɗora ni a kai, kwalba goma sha biyu kowace safiya. Na marasa lafiya ya koma hannun Sabuwa. Shekararta shida tare da mu, 'ya'yanta uku, amma tunda ba a ɗauki kowa bayanta ba sunan ya zauna mata.

Yaya ita ta goye ni. Tela ce, ta fi shekara talatin a kan keken ɗinki, don haka da bayanta ya fara ciwo kowa ya ce keken ne, har da ni, ni da ke wajen jini. Sai da aka shekara ana shafa man zafi kafin gwaji ya nuna ciwon a ɓargo yake. Likitan da ke duba ta, wani dogon saurayi mai sanyin murya, ya ce dole a ɗebo ɓargon daga ƙashin ƙugu. Wani kaso za a tabbatar da ciwon da shi. Sauran a kawo mana mu ware ƙwayoyin da suka lalace, daga su za a gane wane iri ne, kuma wane magani zai ci shi. Ranar Litinin za a fara maganin, in kuwa aka fara, ƙwayoyin ba za su ƙara ba da amsa ta gaskiya ba.

Ranar Laraba da safe aka ɗeba. Ni ina da aiki mai muhimmanci a baranda a lokacin, wato tsayuwa. Da ta fito, 'yarta na riƙe da ita, ta tsaya gabana ta ɗaga yatsa.

"Sau ɗaya, Auta. Ka ji ni? In za su ba ni asibitin nan kyauta ba zan sake kwanciya a gadon can ba."

Shekarata hamsin da ɗaya, gemuna ya fi rabi furfura, amma a bakinta ban taɓa wuce Auta ba. Na ce mata ai sau ɗaya ake yi, ta bar sauran a hannuna.

Abin da ya iso ɗakinmu bai cika cokalin shayi ba. Likita ya rubuta a gefen takarda cewa ƙashin ya yi rowa, a lallaɓa. Na tarar Sabuwa ta sa safar hannu tana jera kaya.

"Wannan na Yaya ne," na ce.

"Na ga sunan. Shi ya sa zan yi shi yanzu."

"Bar shi, ni zan yi."

"Doka ta ce ba a taɓa na ɗan'uwa."

"Ni na rubuta dokar."

Gaskiya ce. Ni na buga ta, ni na manna ta a bayan ƙofa, bayan wani abokin aikinmu ya ga sakamakon matarsa ya zauna a ƙasa. Sabuwa ta dubi ƙofar, ta dube ni. Oga ya tafi taro sai mako mai zuwa.

"Malam, wata huɗu rabonka da na marasa lafiya."

"Tun kina firamare nake kifa kwalba."

"To, gwani. Ga fili ga mai doki." Ta cire safar ta koma teburinta.

Ina so a san cewa ban yi sakaci ba, don na bincika sosai ko zan samu sakacin in laɓe a bayansa. Na kashe rediyo. Na sa sabuwar safa. Na ɗauko takardar umarni na karanta daga sama har ƙasa, abin da rabona da yi tun ina da gashi a tsakiyar kai. Na ɗiga ruwan da ya dace, na duba kwalbarsa sau biyu. Na zura a maganaɗisu, na danna agogo. Ba wanda ya shigo, ba wanda ya kira ni a waya. Minti biyar ɗin nan na yi su ne ina tunanin yadda Yaya ke jan ƙafar hagu a baranda, da kuma wa zai gaya wa ƙanwarmu da ke nesa.

Agogo ya yi ƙara. Hannun hagu ya zaro sabuwar kwalba, na dama ya ɗaga ya kifa, ko ɗigo bai ɓace ba. Ƙafa ta taka murfin bokiti, tsohuwar kwalba ta faɗa ciki. Ban ma kalla ba, ban taɓa kuskuren bakin bokitin nan ba. Na rubuta sunan Yaya a jikin sabuwar da rubutuna na ranar biki, na mayar da ita maganaɗisu zagaye na biyu, na sake danna agogo.

Da ya cika na leƙa. Jikin kwalbar tas, kamar an wanke. Na tuna har daɗi na ji, don a aikin Farfesa haka ake so.

"Ina launin?" in ji Sabuwa. Ban san ta taso ba.

"Wane launi?"

"Na ƙarfen. Ya kamata a ga ja-ja a gefe."

Sabo turken wawa. Na sha faɗa wa ɗalibai wannan karin maganar in sun zo koyon aiki, ina faɗa ina kaɗa kai. Na taka murfin bokitin. Tsohuwar kwalbar na ciki tare da sha biyun Farfesa na safe, baki a buɗe, ta sha bilic ta ƙoshi, tawadar sunan Yaya ta fara narkewa. Na kai hannu zan ɗauko, Sabuwa ta ce, "Me za ka yi da ita?" Sai na fasa.

Ba ta ce na gaya maka ba. Da ta faɗa da na samu abin jin haushi. Ta ture ni gefe da gwiwar hannu, ta ɗauki ruwan da na tare, ta sake ɗiga masa ƙarfe ko akwai ƙwayoyin da suka kuɓuce a zagayen farko. Wani lokaci akan samu, in mai aikin ya yi gaggawa ko hannunsa ya yi rawa. Ta gama ta ɗiga a gilashi, ta sunkuya kan madubin likita tana ƙirgawa. Dubbai ake buƙata. Na ji tana danna maƙirgi jefi-jefi, kamar famfon da aka ɗauke wa ruwa.

"Ka iya aiki, Malam," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ba ka bar komai a baya ba."

Yabo na farko ke nan da na samu daga bakinta cikin shekara shida.

In gwaji ya ƙi, akwai fom da ake cikewa, mai gida uku. Na farko, samfur bai isa ba. Na biyu, samfur ya daskare. Na uku, kuskuren ɗakin gwaji. Gida na uku ɗan ƙarami ne, kuma a iya sanina bai taɓa damun kowa ba. Na ɗauki biro na tsaya.

"Cike wanda ka ga dama," in ji Sabuwa. "Amma sa hannu na biyu nawa ne, ni kuwa abin da na gani nake sa wa hannu."

Na saka fom ɗin a aljihun tebur na tafi wajen Likita. Na ce masa sai an sake ɗiba. Bai tambayi dalili ba, ya dafe goshi ya ce, "Na san kaɗan na samu. Da na ƙara matsawa." Na bar shi da kayansa, har na ɗan gyaɗa kai irin na manya. Ya ce gwajin kan ci kwana uku, don haka gobe Alhamis ƙarfe takwas ne kaɗai dama, in har za a samu amsa kafin Litinin. "Amma kai za ka shawo kanta. Ni ta ce kada in ƙara gaishe ta."

Da na tashi aiki na wuce gidanta. Na tarar tana kwance a gefen dama, an tokare mata baya da matashi biyu. Keken ɗinkin yana lungu, an lulluɓe shi, ya zama teburin magunguna. 'Yarta ta kawo mini ruwa ta fita.

"Ya jiki, Yaya?"

"Jiki ga shi nan. Sakamako ya fito?"

"Tukuna." Na sha ruwa. Na dubi fanka. "An samu 'yar matsala. Ɓargon bai isa ba. Sai an ƙara kaɗan, gobe da safe."

Ta daɗe tana kallona.

"To dogon nan bai san aikinsa ba. Ya haƙa ni kamar mai neman ruwa a kan dutse, sannan a ce bai isa ba? Wanda bai iya da farko ba me zai sa ya iya gobe?"

"Ai ƙashin ne ya yi tauri."

"Gobe zai yi laushi?"

Na shiga bayani. Na ce in ba a yi gwajin ba maganin zai zama harbi a duhu, ana iya ba ta mai ƙarfi alhali mai sauƙi ya isa, ana iya ba ta mai sauƙi ciwon ya yi ta tafiyarsa. Na yi magana mai kyau, har da misalai.

"Su ba ni wanda suka ga dama," ta ce. "Na ce sau ɗaya. Kwanan da Allah ya rubuta mini ba a ƙuguna yake ba."

Ta rufe ido. Na zauna da kofi a hannu ina duba abin da na ƙulla. Ƙaryar ta fitar da ni tsaf, ta kuma rufe ƙofar da na zo buɗewa. Ba zan ce tsoron Allah ne ya fara motsa ni ba, lissafi ne.

"Yaya."

"Ina ji."

"Ya isa. Ɓargon ya isa. Ni na jefar da shi."

Ta buɗe ido. Na gaya mata komai, da iri biyun aikin, da bokitin, da yadda na ƙwace daga hannun Sabuwa. Wannan ne karo na farko da wani a gidanmu ya ji ainihin abin da nake yi, kuma ba haka na so a ji shi ba. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta shiga yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya.

"Ka san wanda ake riƙewa?"

"Na sani."

"Wani ya yi maka magana kana cikin yi?"

"Babu."

"Na wancan malamin, guda nawa ka yi kafin nawa?"

"Sha biyu kullum. Wata huɗu."

Ta yi ƙoƙarin gyara kwanciya, na tashi zan taimaka, ta ɗaga mini hannu.

"Shekarar da na samu ɗinkin rigunan makaranta, kana tunawa? Ɗari uku. Ina tsakiyarsu wata mata ta kawo mini leshi, mijinta ya sayo mata daga tafiya, babu irinsa a kasuwa. Na auna ta, na rubuta, na shimfiɗa leshin. Ban farga ba sai da na ga na yanka rigar ɗan aji uku. Har da aljihu."

"Me kika ce mata?"

"Na ce yadin bai isa ba."

Na ajiye kofin.

"Ta yarda. Ta koma gida ta yi wa mijinta tas, wai ya yi mata ƙwauro. Shekara ashirin in na hango ta a hanya sai in tuna ina da saƙo a wani layi." Ta ja numfashi. "Da ka shigo kana kallon fanka na ce wannan muryar na san ta."

Na yi 'yar dariya, don na ɗauka an kai wajen da ake dariya.

"Amma yadi ba ya jin zafi, Auta."

Na daina.

"Tashi ka tafi, kaina na ciwo."

"Ƙarfe takwas ne, Yaya."

"Na ji."

Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba. A gida matata ta tambaye ni ya Yaya, na ce da sauƙi.

Washegari ƙarfe bakwai na safe na ciro fom na cike gida na uku. Sabuwa ta karanta, ta sa hannu, ta ce Oga zai so ganin wannan in ya dawo, na ce na sani. Na je na gaya wa Likita gaskiya. Ya ce, "Allah ya kyauta," cikin ladabi, amma na ga kafaɗunsa sun sauka kamar an sauke masa buhu. Takwas ta yi. Takwas da kwata ta yi. Likita ya fara duba agogo, yana da wasu a layi. Na tsaya a bakin ƙofar shiga ina gaisawa da masu gadi fiye da yadda suka saba.

Takwas da rabi saura kaɗan tasi ta tsaya. Sai da Yaya ta ɗauki lokaci kafin ta fito da ƙafa ta biyu. Ba ta amsa gaisuwata ba sai da muka kai ƙofar ɗakin.

"Jiya ina kake da ana yi?"

"Ina baranda."

"Yau ciki za ka shiga. Kuma ba ta wajen fuskata za ka tsaya ba. Ta wajen allurar."

Shekara goma sha tara ina karɓar ɓargo a kwalba, ina ƙorafin an kawo kaɗan, ina mayar da wanda ya daskare da 'yar takarda mai zafi. Ban taɓa ganin yadda ake ciro shi ba. Allurar ta kusa kaurin bututun biro, tana da mariƙi kamar abin buɗe gwangwani. Allurar kashe zafi tana kashe fata ne da saman ƙashi, cikin ba ruwanta. Likita ya ɗora nauyinsa yana murzawa hagu da dama, gumi na tsattsafo masa, a ƙugun dama wannan karon tunda na hagu bai warke ba. Da ya ce, "Mama, yanzu zan ja, ki daure," sai na ga yatsun ƙafarta sun lanƙwashe gaba ɗaya. Ba ta yi ƙara ba. Ta ce wani abu a cikin matashi wanda nake zaton sunana ne da ƙari.

Abin ya fito ja mai kauri, ya fi na jiya. Nas ta miƙo mini kwalbar don ni ne na ɗakin gwaji, na riƙe ta da hannu biyu na bi baranda kamar mai ɗauke da jaririn wani. Sabuwa na tsaye a ƙofa da safarta. Ta karɓa, ta duba sunan, ta ce, "Na gode, Malam," ta shiga ta tura ƙofa. Na ji ƙarar sakata. Ban ma san ƙofarmu na da sakata ba.

Akwai benci a gaban ɗakinmu inda 'yan'uwan marasa lafiya ke zama. Kullum ina wuce shi. Yana da ƙusa a gefen hagu, yanzu na sani. Na cire farar rigar na ninke a cinya. Wani dattijo mai riƙe da fayil ya matsa mini.

"Kai ma sakamako?"

"Na yayata."

"Allah ya ba ta lafiya. Ni na matata ne, tun jiya." Ya nuna ƙofar da haɓa. "Mutanen nan na ciki, anya sun san abin da suke yi? Ka ga an shiga da abu, shiru, shiru."

"Wadda ke ciki yanzu ta sani," na ce.

Minti arba'in da biyar aikin ke ci. Na san lokacin da ta ɗiga, na ji agogon zagaye na farko ta cikin ƙofa, na ji na biyu, na ji na uku. Da ta buɗe, ba ta fito ba, kai kawai ta leƙo.

"Sun isa. Har da ragi."

Na tarar da Yaya a ɗakin hutawa, an kwantar da ita rigingine don ta danne wurin. Na gaya mata.

"Wa ya yi?"

"Abokiyar aikina."

"To." Ta dubi silin na ɗan lokaci. "Yanzu ta wane gefe zan kwanta, tunda kun gama da duka biyun?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ce in duba ƙarƙashin gado, takalminta ɗaya ya shige.